Wai Kamaru ce ke sako mana ambaliya? Amsa kan haɗin kan maƙwabta a harkar ruwa

Wani ɗan'uwa daga wajen Numan ya yi tambaya, ya ce duk damina sai an ce musu Kamaru za ta buɗe madatsar Lagdo, su kwashe kaya su gudu, gonakinsu na shinkafa su tafi, to shi wai babu wata yarjejeniya ne tsakanin ƙasashen nan da za ta hana wannan abu, kuma in akwai me take tsinanawa?

To ɗan'uwa, Allah ya mayar muku da alheri, ya kiyaye na gaba. Ni harkar awon ruwan koguna ita ce aikina, don haka bari in ɗan tsawaita, saboda maganar nan kullum a gajarce ake yin ta shi ya sa ake ta samun rashin fahimta.

Yarjejeniyoyi dai akwai su, har sun yi yawa ma. Abin da ya yi ƙaranci shi ne aikin yau da kullum da zai sa su yi amfani, wato a karanta ma'aunin ruwa da safe, a tura lambar ga maƙwabci kafin azahar, shi kuma ya isar da ita ga mutumin da ke bakin kogi da harshen da yake ji. A nan muke faɗuwa, kuma ba Kamaru kaɗai ba, har da mu.

Bari mu fara da Lagdo ɗin tunda ita ce ta dame ka. Madatsar tana kan kogin Binuwai, kamar kilomita 50 daga Garwa, an gina ta daga 1977 zuwa 1982, kuma ita ce ke ba arewacin Kamaru wutar lantarki da ruwan noman rani. Ka sa kanka a matsayin mai kula da ita. Abin da ake so daga gare shi shi ne damina ta ƙare tafkin yana cike, don in bai cika ba to Garwa da Marwa za su sha duhu da bazara. Saboda haka ba ya son zubar da ruwa da wuri a watan Yuli ko farkon Agusta. To in aka yi dace da shekara mai ruwa, Satumba ta zo tafki ya cika maƙil sama kuma ba ta daina zuba ba, ba shi da zaɓi sai ya buɗe ƙofofi, domin in ruwa ya haura saman madatsar ta ɓalle, abin da zai sami Garwa da Yola da Numan ba ya misaltuwa. Ga kuma laka da yashi da suka taru a cikin tafkin tsawon shekaru sama da 40, sun rage masa ciki, ba ya ɗaukar abin da yake ɗauka da. Kaga kenan buɗewar ba mugunta ba ce, mutanen Kamaru ɗin ma da ke ƙasa da madatsar su ne farkon waɗanda ruwan ke ci, a 2012 su ma sun ji jiki sosai. Abin da ya kamata a yi jayayya a kai shi ne yaushe za a buɗe, da wane yawa, kuma kwana nawa kafin nan za a faɗa wa na ƙasa. In aka riƙa ragewa kaɗan-kaɗan tun da wuri, Kamaru na iya asarar wuta in damina ta yanke, in aka jira sai ƙarshe mu ne za mu sha. To wa zai biya wannan asarar? Wannan ita ce ainihin maganar da ya kamata a zauna a kanta, kuma zama ne na injiniyoyi da masu hasashen yanayi na ɓangarorin biyu, su fitar da jadawalin sakin ruwa da kowa ya sa hannu a kai.

Sannan wani abu da ba a cika faɗa ba, ruwan da ke cinye ku ba duka daga Lagdo yake ba. Ƙasa da madatsar, Mayo Kebbi na shigowa daga wajen Chadi, kogin Faro na shigowa dab da iyaka, ku a Numan ga Gongola nan ta sauko muku, in aka gangara ga kogin Taraba ga Donga ga Katsina-Ala. Lagdo ba ta da iko da ko ɗaya cikinsu. A 2022 ministan albarkatun ruwa na lokacin, Injiniya Suleiman Adamu, ya fito ya ce kason Lagdo a ambaliyar ƙasar ɗan ƙanƙani ne, mafi yawa ruwan sama ne da ya zuba a cikin gida. Mutane sun ji haushin maganar, kuma na fahimce su, don wanda ke Fufore ko Yola ruwan Lagdo na iso masa kai tsaye ba wasa. Amma in ana maganar Lakwaja da Anambra da Bayelsa, akwai gaskiya a abin da ya faɗa. Haɗarin Lagdo shi ne lokacin da ake sako ta, tana zuwa ne daidai sa'ar da kogi ya riga ya cika ya batse, ƙari kaɗan sai ya haura gaɓa.

Na san za ka ce, to ina batun Dasin Hausa? E, an daɗe ana cewa tun lokacin gina Lagdo aka tsara Najeriya za ta yi tata madatsar a Dasin Hausa cikin ƙaramar hukumar Fufore don ta tare abin da aka sako, kuma har yau ba a yi ba. Ina goyon bayan a yi ta, za ta taimaki Adamawa da Taraba, ga wuta ga noman rani. Sai dai kar a ruɗe ku da cewa ranar da aka gama ta an gama da ambaliya, tunda kogunan da na lissafa na ƙasa suna nan, kuma ita ma madatsar in ta cika dole a buɗe ta. Misalin da na fi so a nan shi ne madatsar Kashimbila a Taraba. Tafkin Nyos na Kamaru, wanda iskar gas ɗinsa ta kashe mutane sama da 1,700 a dare ɗaya a 1986, bangon duwatsun da ke riƙe da shi ya yi rauni, masana suka yi gargaɗin in ya fashe ruwan zai biyo Katsina-Ala ya shigo Najeriya. Sai Kamaru ta sa bututun zuƙe gas ɗin, aka ƙarfafa bangon, mu kuma aka gina Kashimbila don ta tare. Haɗari ɗaya, kowa ya yi nasa ɓangaren tun abin bai faru ba. Ana iyawa kenan.

A kan sanarwa kuwa, gaskiya an samu ci gaba, kar mu ƙi faɗa. Ambaliyar 2012 ta kashe mutum 363 a lissafin hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ta raba sama da miliyan 2 da gidajensu, kuma bayanta ne aka matsa a kan Kamaru ta riƙa ba da labari kafin ta buɗe. A Agustan 2023 sun rubuto takarda ta hannun ma'aikatar harkokin waje. A Satumban 2024 hukumar awon ruwan koguna ta Najeriya, NIHSA, ta sanar cewa za a fara sakin ruwa ranar 17 ga wata, daga kubik mita 100 a daƙiƙa a riƙa ƙarawa har 1,000, ta kuma lissafa jihohin da abin zai shafa. Irin wannan ake so, rana da adadi. Abin da bai gamsar da ni ba shi ne hanyar da labarin ke bi, daga madatsa zuwa babban birninsu, zuwa ofishin jakadanci, zuwa ma'aikata a Abuja, zuwa NEMA, zuwa jiha, ruwa kuma ba ya jiran takarda ta gama yawo ofis-ofis. Kamata ya yi mai kula da Lagdo da masu awon ruwa na Yola su kasance suna da lambar juna, kuma ma'aunin tafkin ya zama kowa na ganinsa a intanet kullum, ba sai ranar da za a buɗe ba.

Yanzu bari in juyo da maganar gida, don Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. Mu da muke kuka da Kamaru, ga mutanen Diffa da Maraɗi mu ne na sama. Kogin Komadugu Yobe daga ina ya taso? Daga wajen Kano da Bauchi da Filato, ya bi ta Haɗeja da Jama'are, a kansa akwai madatsar Tiga da ta Challawa, sannan can ƙasa ya zama iyaka tsakaninmu da Nijar kafin ya faɗa tafkin Chadi. A 2019 ya cika ya cinye gonakin barkono da shinkafa a yankin Diffa, mutanen da dama can rikicin Boko Haram ya gama tagayyara su. Gulbin Maraɗi ma haka, daga ƙasar Katsina yake tasowa, ga madatsar Jibiya a kansa, ya shiga Maraɗi ya zagayo ya dawo Najeriya ya haɗe da Rima, wadda madatsar Goronyo ke kanta. Wato a kogi ɗaya mu ne na sama kuma mu ne na ƙasa. In muka riƙe ruwa masu lambu a Madarumfa da Maraɗi su rasa, in muka sake ba sanarwa su sha. Akwai yarjejeniya a kan wannan, an sa mata hannu a Maiduguri a 1990, ta shafi Gulbin Maraɗi da Maggiya da Tagwai da ƙasan Komadugu, ƙarƙashin hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar da aka kafa tun 1971. To ni dai ra'ayina, duk abin da muke nema a wajen Kamaru mu fara yi wa Nijar shi, sai bakinmu ya yi ƙarfi a teburin shawara.

Shi kuwa kogin Kwara, wanda ake ce wa Neja, shi ne ya fi nuna amfanin maƙwabci. Tsawonsa ya kai kusan kilomita 4,200 daga tsaunukan Gini. Ruwan da ya zuba a Gini a Agusta da Satumba sai ya shiga fadamun tsakiyar Mali ya bazu ya yi ta tafiyar hawainiya, ba ya isowa Yamai sai Disamba zuwa Janairu, wannan ba ya ba kowa mamaki don ana ganin tahowarsa wata da watanni. Mai haɗarin shi ne jan ruwan damina, wanda kogunan Sirba da Dargol da Gorouol ke kwasowa daga Burkina Faso su zuba a sama da Yamai, cikin 'yan kwanaki kogi ya tashi. Saboda sare itatuwa da ƙasa ta zama fako, ruwan ba ya nutsewa, gudu yake yi, shi ya sa tun wajen 2010 ambaliyar Yamai ta ƙaru. A 2020 ma'aunin Yamai ya kai kusan santimita 700, alhali jan layin haɗari 620 ne, shingen bakin kogi ya fashe unguwanni irin su Lamorde suka nutse. To ka ga mai karanta ma'auni a ƙauyen Burkina shi ne ke ba Yamai kwanakin shiri, na Yamai shi ke ba Gaya da Malanville ta Jamhuriyar Benin da Yawuri, lambar Yamai ɗin nan kuma ita masu kula da madatsun Kainji da Jebba ke dubawa su san ko su rage tafkinsu tun kafin ruwan ya iso. In suka makara suka buɗe daidai lokacin da Binuwai ta kawo nata, to a Lakwaja ake haɗuwa, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022, lokacin da hanyar Abuja zuwa Lakwaja ta yanke, manyan motoci suka yi kwanaki a tsaye har man fetur ya yi wuya a Abuja. A 2022 ɗin sama da mutum 600 suka rasu.

Hukumomin da aka kafa don wannan aiki sun girmi yawancinmu. Hukumar kogin Neja ta samo asali tun 1964, aka sake mata fasali a 1980, ƙasashe 9 ne a ciki har da Kamaru da Chadi tunda Binuwai reshen Neja ce, hedikwatarta na Yamai, kuma a 2008 shugabanni suka amince da kundin ruwa wanda ya wajabta wa kowace ƙasa sanar da 'yan'uwanta. Hukumar tafkin Chadi ita ma 1964, tana Injamena. Bayan farin farkon shekarun 1970 aka kafa CILSS, hukumar ƙasashen Sahel ta yaƙi da fari, a 1973, da cibiyarta AGRHYMET a Yamai a 1974, su ne ke tara masana duk shekara kafin damina a fitar da hasashen ruwan sama da na koguna na yankin Sahel baki ɗaya. Kuma wallahi mutanen nan sun san aikinsu, hasashen 2024 ya faɗa tun kafin damina cewa ruwa zai yi yawa a Sahel. Me ya biyo baya? Chadi ta rasa sama da mutum 500, Nijar sama da 300 har tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe aka kuma ɗage komawa makaranta, arewa mai nisa ta Kamaru wajen Yagoua ta nutse, ga Maiduguri da madatsar Alau ta ɓalle a Satumba, wadda ba hannun wata ƙasa a ciki, namu ne na rashin gyara. Kaga ilimin bai yi ƙaranci ba, an san abin na zuwa.

Abin da ke kashe hukumomin nan rashin kuɗi ne da rashin tsaro da siyasa. Ƙasashe ba sa biyan kasonsu a kan lokaci, sai a dogara da aikin masu ba da tallafi na shekara huɗu ko biyar, a kafa na'urori masu aiko da lamba ta tauraron ɗan'adam, aikin na ƙarewa batir ya mutu ko a sace sola, babu mai kuɗin mota ya je ya gyara. Na ga tashoshin awo da ƙaramin abu ya tsayar shekara da shekaru, abin akwai ciwo. Ga yankin iyakar Mali da Burkina da Nijar, da bakin tafkin Chadi, inda ma'aikaci ba zai iya zuwa ba saboda 'yan bindiga, kuma nan ne daidai wuraren da aka fi buƙatar lambobinsu. Siyasa kuma ka ga abin da ya faru bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar, aka rufe iyaka, aka yanke wutar da Najeriya ke ba su, daga baya Nijar da Mali da Burkina suka fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Ba na shiga wane ne da gaskiya, abin da nake cewa shi ne ko shugabanni ba sa ga-maciji, layin masu awon ruwa bai kamata a taɓa shi ba. An taɓa yin haka a kusa da mu, Senegal da Muritaniya sun yanke hulɗa a 1989 har aka zubar da jini, amma hukumarsu ta kogin Senegal, OMVS, wadda aka kafa a 1972, ta ci gaba da aiki, saboda madatsun Manantali da Diama mallakarsu ne tare, kowa ya sa kuɗinsa kowa na cin amfanin. Wannan tsarin mallaka tare shi ne abin da muka rasa a Binuwai da Neja. A arewacin Ghana ma labarinku ne sak, kusan duk shekara Burkina na buɗe madatsar Bagre, ana sanarwa, amma manoman bakin kogin Farin Volta na asarar masara.

Wanda ya kawo ni ga abin da ya fi damuna. A ce Kamaru ta sanar a kan lokaci, Abuja ta sanar, sai me? Sanarwa da Turanci a talabijin cewa mazauna bakin kogi su koma tudu. Wane tudu? Mutum na da shanu da awaki, da buhunan hatsi, da tsohuwa da ba ta iya tafiya, shinkafarsa saura mako biyu a yanka, kuma yana tsoron in ya bar gida a kwashe masa kwanon rufi. Ba taurin kai ne ke hana shi tashi ba, lissafi yake yi, kuma ba a ba shi abin da zai canja lissafin ba. Gargaɗi mai amfani shi ne wanda ya zo da Hausa da Fulatanci da Bachama da Zabarmanci da Barbarci, ta rediyo da bakin mai unguwa da liman da fasto da sarkin ruwa, ya ce ruwa zai kai alama kaza ranar kaza, ga makarantar da za ku, ga inda za a kai dabbobi, ga jiragen ruwa, ga 'yan sintiri da za su tsare gidaje. Kuma a bakin iyaka wannan shiri dole ya zama na ɓangare biyu, don sau da yawa tudun da ya fi kusa da mutum yana tsallaken iyaka ne, wajen danginsa. Mutanen Gaya da Kamba da Malanville, ko na Jibiya da Maraɗi, ko na Gamboru da Fotokol, kasuwarsu ɗaya aurensu ɗaya, tun kafin hukuma ta yi magana sun riga sun buga wa juna waya cewa ruwa ya wuto mu. Gwamnoni da kantomomi da shugabannin ƙananan hukumomi na iyaka ya kamata su ɗora a kan wannan, su zauna kafin kowace damina, su yarda cewa ranar masifa za a bar mutane da kayan agaji da magungunan kwalara su ƙetare ba tare da an tsare su a shinge ba.

Kai kuma ɗan'uwa abin da ke hannunka, hukumar hasashen yanayi ta NiMet na fitar da hasashen damina a farkon shekara, NIHSA na fitar da na ambaliya kafin ruwa ya sauka har da sunayen ƙananan hukumomi, ku nemi wani mai karatu a cikinku ya riƙa bibiya yana faɗa muku. Ku kafa turke mai alama a bakin kogi, ku sa wanda zai duba safe da yamma daga Agusta zuwa Oktoba, ku ƙulla da ƙauyukan da ke sama da ku har cikin Kamaru in kuna da dangi can, ku yi ƙungiyar WhatsApp ta masunta da manoma. A shekarar da aka ce ruwa zai yi yawa a nemi iri mai saurin nuna don a girbe kafin ƙarshen Satumba, a kuma ajiye wani irin a wuri mai tudu saboda noman bayan janyewar ruwa. In 'yan majalisarku sun zo, bayan maganar Dasin Hausa ku tambaye su ko an ware kuɗin tashoshin awon ruwa da matsugunan gudun ambaliya a kasafin jiha.

Akwai kuma wata magana da ke tafe wadda ya kamata mutanen Kebbi da jihar Neja su sa wa ido, wato madatsar Kandaji da Nijar ke ginawa a kan kogin Neja a jihar Tillaberi, sama da Yamai. Haƙƙinsu ne su gina, suna buƙatar wuta da abinci, kuma yanke musu lantarki da aka yi a 2023 ya ƙara musu hujja. In an tafiyar da ita da kyau za ta riƙe ruwa a kogi lokacin rani. Amma duk ranar da ta fara aiki, yadda ake cika ta da yadda ake sakinta zai shafi Gaya da Yawuri da Kainji, don haka jadawalin sakin ruwanta da hanyar sanarwa tsakanin masu kula da ita da na Kainji yanzu ya kamata a rubuta su a hukumar kogin Neja, tun tafkin bai cika ba.